Yadda damuwa ke cin jikin mutum a boye, da matakan da zaka bi tun kafin ta kai ka kwance

In ka dan zauna a kemis din unguwa da yamma akwai wani korafi da zakaji ana ta maimaitawa, mutum ya shigo rike da kai yace "Malam ni dai jikina ne ba dadi, kaina kamar an daure da igiya, bayan wuyana ya rike, barci baya zuwa sai wajen asuba, kirjina sai bugawa yake fat-fat, abinci ma in na sa a baki banajin dandanonsa." Mai kemis ko awon jini baiyi masa ba yace ai maleriya ce da taifod, a hada masa allurai da kwayoyi kala-kala, in da kudi a aljihunsa ma har a kara masa ruwa. Bayan sati biyu sai gashi ya dawo da wannan korafin dai. Ba wanda ya tambayeshi nawa ake binsa bashi, ko yaushe rabonsa da barcin kirki, ko ya yake fama da gida tunda aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kudin mota da cefane da kudin makarantar yara duk suka haye sama abinda yake samu kuma bai bi sahu ba.

Bance maleriya karya bace fa, tana nan kuma tana kisa, in akwai zazzabi aje ayi gwaji. Amma da yawa cikin masu wannan yawon daga kemis zuwa kemis damuwa ce ta zauna musu a jiki, mu kuma bamu dauketa a bakin komai ba, da kace kana cikin damuwa sai ace maka "kai dai kayi hakuri, kowa da tasa". Hakuri yana da kyau mana, sai dai hakurin baki baya sauke hawan jini. Ga yadda nake ganin ya kamata mutum ya tunkari abin daki-daki.

Mataki na daya: ka fara sanin me ke faruwa a cikin jikinka

Kaddara kana tsallaka titi kana danna waya kawai sai dan adaidaita sahu ya fado ta hannun da ba nasa ba. Kafin ka gama tunanin me ke faruwa ka riga ka daka tsalle ka koma gefe, sai daga baya ne zakaji zuciyarka na dukan uku-uku, bakinka ya bushe, tafin hannu yayi gumi, kafafu na rawa. Abinda ya faru shine wani dan karamin sashe a kwakwalwa da ake kira amigdala ya hango hadarin tun kafin hankalinka ya gane, ya aika sako zuwa wani sashen mai suna haifotalamas, shi kuma ya tura umarni ta jijiyoyi zuwa wasu yan kananan gabobi guda biyu dake zaune a saman kodarka, daya dama daya hagu, sunansu adirenal. Su ne suke watsa sinadarin adirenalin cikin jini a yan dakiku. Nan take zuciya ta kara gudu da karfi, hanyoyin jinin fata da na hanji su tsuke a tura jinin zuwa cinyoyi da damatsa, numfashi ya karu, hanta ta saki sugan da ta ajiye, aikin narkar da abinci a jingineshi don wanda ke gudun ceton rai ba ta narkewar tuwo yake ba.

In tashin hankalin bai wuce nan take ba sai wadannan gabobin su sake sakin wani sinadarin, kotisol, shi yana zuwa ne a hankali bayan wasu mintuna amma ya fi dadewa a jini. Aikinsa ya rike suga da karfin jini a sama, ya kuma dan danne garkuwar jiki. Kuma kotisol ba makiyinka bane, kowa yana dashi, a mai lafiya yana hawa sosai da sassafe shine ma yake taimaka maka ka mike, sai yayi ta sauka har zuwa dare don ka samu barci.

Wani likita a jami'ar Harvard ta Amurka, Walter Cannon, shi ya fara bayanin wannan shirin na fada ko gudu tun 1915. Sai Hans Selye a birnin Montreal na Kanada, a 1936 ya lura cewa berayen da yake gwaji dasu ko da wace irin wahala aka gallaza musu, sanyi ne ko rauni ko gajiyarwa, in dai abin ya dade to sakamakon iri daya ne, adirenal dinsu ya kumbura, gabobin garkuwar jiki su motse, cikinsu yayi gyambo.

To ga inda gizo ke sakar. Jikinka baya bambance adaidaita sahun da ya taho maka da sakon mai gidan haya da ya shigo wayarka karfe 11 na dare, duk kararrawa daya yake bugawa. Na titin minti goma ya wuce, na hayar kuma yana nan yau yana nan gobe har wata shida. Kamar karamin janareto ne da aka kera don a tayar in an dauke wuta a kashe in an kawo, kai kuma ka barshi yana ta aiki dare da rana ba hutu ba canjin bakin mai, ai ba sai an fada maka karshensa ba.

Mataki na biyu: ka duba ta ina ta fi kama ka

Kowa da inda take fara cinsa. Mafi hadari dai zuciya ce da hanyoyin jini. Duk lokacin da ranka ya baci karfin jininka yana hawa na dan lokaci ya sauka, wannan ba cuta bace, amma in kullum cikin hawa yake, ga rashin barci ga gishiri ga sigari ga zama waje daya, a hankali bangon jijiyoyin jini yana rauni yana kauri kitse na makalewa, daga nan ne ake samun hawan jini na dindindin da bugun zuciya, wato toshewar jijiyar dake kai wa zuciya jini, da shanyewar barin jiki. Wani babban bincike mai suna INTERHEART da aka yi a kasashe 52 aka fitar a 2004 ya saka damuwar aiki da ta gida da ta kudi cikin manyan abubuwan da ke tafiya tare da bugun zuciya, a sahu daya da sigari da ciwon suga da hawan jini. Kuma wannan da muke cewa bakin ciki ya kashe wance, yana da tushe, likitocin Japan sun bayyana wani ciwo a 1990 inda tsokar zuciya ke raunana kwatsam bayan mummunan labari kamar rasuwar miji ko da, ya fi kama mata masu manyan shekaru, alamunsa sak na bugun zuciya, yawanci dai suna warkewa in an kaisu asibiti da wuri.

Sai suga da kiba. In kana son ganin abinda kotisol mai yawa yake yiwa jiki da idonka, dubi masu shan deksametazon don suyi kiba, cikin irin magungunan nan da ake cewa sha ka fashe. Deksa dan uwan kotisol ne da aka hada a kamfani, bayan yan watanni zakaga fuska ta cika tayi zagaye, tumbi ya fito, hannu da kafa kuma sun sirance, fata tayi laushi tana tsagewa, aje asibiti a tarar da suga da jini duk sun hau. Damuwa bata kai karfin kwayar ba ko kusa, amma hanya daya suke bi, shi yasa mai ciwon suga zai rike dokar abinci tsaf ya sha maganinsa amma satin da rigima ta barke a gida awonsa ya ki sauka. Af, duk wadda ta dade tana shan deksa kar ta yanke lokaci daya, yana da hadari sosai, likita ne zai rage mata a hankali.

Maganar ciki ita ce nake son a tsaya a kai don mun dade muna rudewa. A garin nan duk wanda cikinsa ya murda sai yace olsa ce, kuma tunani ne da yunwa suka jawo masa. Gaskiyar magana mafi yawan gyambon ciki abu biyu ke kawoshi, wata kwayar cuta mai suna H. pylori da kuma yawan shan magungunan ciwon jiki irinsu diklofenak da ibufurofen da asfirin. Likitoci biyu yan Ostireliya, Barry Marshall da Robin Warren, su suka gano haka a farkon shekarun 1980, da aka ki yarda dasu Marshall ya dauki ruwan kwayar cutar ya shanye a 1984 har ya kwanta, a 2005 aka basu kyautar Nobel. Ma'ana in da gaske olsa ce to akwai gwajin kwayar cutar ta bahaya ko ta numfashi, akwai kuma hadin maganin sati biyu dake kashe kwayar, ba sai ka shekara goma kana shan farin ruwan magani kana kauracewa yaji ba. Abinda damuwa keyi shine ta tsananta zafin, ta kawo kumburin ciki da gyatsa da tashin zuciya, wani ta sa shi gudawa wani ta daure masa ciki, don hanji da kwakwalwa a hade suke ta jijiya, ka tuna yadda cikinka ke juyawa ranar jarabawa.

Garkuwar jiki ma ana gwadawa an gani. A 1991 Sheldon Cohen da abokan aikinsa sun dauki mutum 394 masu lafiya a Ingila suka diga musu kwayar cutar mura a hanci suka killacesu, cikin wadanda damuwarsu tafi kankanta kusan kashi 27 cikin dari ne suka yi mura, a wadanda tasu tafi yawa kuwa kusan kashi 47. A 1995 kuma a jihar Ohio ta Amurka an yi wa wasu mata masu jinyar tsofaffinsu da suka rude dan karamin rauni a hannu, nasu ya dauki karin kusan kwana 9 kafin ya warke akan na matan da basa jinyar kowa. Duk wadda ta taba jinyar uwa ko uwar miji shekara da shekaru ta san wannan ba sai an kawo mata lissafi ba.

Sauran kuma a takaice, ciwon kai mai daure goshi da keya, ciwon baya da kafada, rikicewar al'ada, raguwar sha'awa da raunin gaba ga maza wanda ke tura su wajen masu maganin karfin maza alhali matsalar a ka take ko a suga da hawan jini, ruwan nono ya ki saukowa ga mai jego da hankalinta ke tashe, zubewar gashi wata biyu zuwa uku bayan wani babban tashin hankali, tashin asma da kaikayin fata, da tashin ciwo ga masu sikila. Ciwon daji kam babu hujja mai karfi cewa damuwa ita kadai tana kawoshi, don haka a daina cewa mara lafiya tunaninsa ne ya jawo masa.

Mataki na uku: kaje a auna ka, kar kayi hasashe

Wannan shine matakin da aka fi tsallakewa. Hukumar Lafiya ta Duniya tace kusan rabin masu hawan jini basu ma san suna dashi ba, don yawanci baya ciwon kai baya jiri, shiru yake aikinsa. Ga yadda ake awon na gaskiya, kar ka sha shayi ko kofi ko sigari ko ka ci goro minti 30 kafin nan, kayi fitsari, ka zauna ka jingina bayanka minti 5 kafa a kasa ba a harde ba, a dora hannunka kan tebur daidai kirji, kar kayi magana lokacin da na'urar ke aiki, a auna sau biyu da tazarar minti daya. Ba wai ka sauko daga babur cikin rana kana haki a daura maka nan take ba. In kana da na'urar a gida kayi safe da yamma na sati daya kana rubutawa. In yana tsayawa a 140/90 ko sama to ka kai wa likita takardar, yan uwanmu na Nijar su a asibitinsu 14/9 zasu ji an ce, duk abu daya ne. In kuwa ya kai 180/120 tare da ciwon kirji ko matsanancin ciwon kai ko gani dishi-dishi, wannan ba na jira zuwa gobe bane.

Sai awon suga da safe kafin kaci komai, 126 ko sama a ma'aunin mg/dL, wato 7.0 a daya ma'aunin na mmol/L, in an maimaita an sake samu to ciwon suga ne. Ka nemi a duba yawan jininka ma musamman mata, don karancin jini yana kawo bugun kirji da kasala da jiri sak irin na damuwa, haka shima makoko mai yawan aiki yana sa rama da gumi da rawar hannu da faduwar gaba. Gwajin taifod din nan na Widal kuwa da ake yi a ko'ina, shi kadai sau daya baya tabbatar da komai, mutane da yawa masu lafiya in an yi musu zai nuna akwai.

Bayan haka ka samu dan littafi, sati daya kacal, duk dare ka rubuta karfe nawa ka kwanta jiya, yaushe ciwon kan ko bugun kirjin ya taso, me ya faru kafin nan, me ka sha. Zakayi mamaki, wani zai ga duk ranar da wani mutum daya ya kirashi a waya ne, wani zai ga daga 20 ga wata ne zuwa shigowar albashi.

Mataki na hudu: ka sauke lissafin daga kai zuwa takarda

Kwakwalwa in ka bar mata matsala ba tsari sai tayi ta juyata tsakar dare, kuma duk juyi daya jiki sai ya saki sinadaran nan kamar yanzu abin ke faruwa. Dauki takarda ka raba gida biyu, abinda kake da ikon tabawa da abinda ba ka da iko a kai. Farashin buhun shinkafa ba a hannunka yake ba. Amma bashin mai kanti a hannunka yake, ka rubuta sunan kowa da abinda yake binka, ka tafi da kafarka wajen wanda kafi jin kunya kace "Alhaji ga halin da nake ciki, duk karshen wata zan rika kawo kaza", mafi yawan mutane wanda ya zo da kansa sun fi daga masa kafa akan mai kashe waya yana canza hanya. Kudin bai ragu ba amma faduwar gaban da kake yi duk lokacin da waya tayi kara ta tafi, kuma ita ce ke cin jikin. A koyi cewa "bazan iya ba" kuma, ankon biki uku a wata daya da adashi hudu da gudummawar da ake yi don kar ace, ba dole bane yar uwa.

Mataki na biyar: abinda zakayi a daidai lokacin da abin ya taso

Numfashi shine kofa daya da kake iya shiga ka taba wannan tsarin na fada ko gudu da ganganci, don duk sanda kake fitar da iska a hankali wata babbar jijiya mai suna bagus tana rage gudun zuciya. Zauna, dora hannu a ciki, ja iska ta hanci kana kirga hudu har kaji cikin ya taso ba kirji ba, sannan ka saketa ta baki sannu-sannu kana kirga shida ko takwas. Kayi ta yi minti 3 zuwa 5. Karon farko zakaji kamar wasan yara, sai ka rika yinsa safe da dare kana lafiya kalau kafin ya yi maka amfani ranar da kake bukata.

In fushi ne, abinda aka koyar damu tun muna yara yana aiki, kayi shiru, in a tsaye kake ka zauna, in bai tafi ba ka kishingida, kayi alwala. Ruwan sanyi a fuska da kansa yana rage bugun zuciya. Sallah da natsuwa da zikiri a hankali ba gaggawa suna saukar da numfashi, kuma addu'ar nan ta neman tsari daga damuwa da bakin ciki ai har nauyin bashi da rinjayen mazaje ta ambata. Kar ka amsa sakon da ya bata maka rai sai bayan ka huce.

Akwai wani firgici da ke fadowa mutum ba dalili, zuciya kamar zata fito, numfashi ya ki isa, yatsu suyi sanyi suna tsira-tsira, mutum ya tabbatar mutuwa ce tazo, ya kai kololuwa cikin kamar minti goma sannan ya fara lafawa. Mu nan da an gani sai ace iska ne ko an yi masa jifa. Ayi addu'a ba wanda ya hana, amma a kaishi asibiti a duba zuciyar a tabbatar lafiya take, in an tabbatar to wannan firgicin sananne ne a wajen likitoci kuma yana jin magani sosai.

Mataki na shida: barci, da masu sace shi

Babba yana bukatar awa 7 ko fiye, mu kuma muna kwanciya karfe daya saboda TikTok da hirar WhatsApp mu tashi asuba, ranar da aka kawo wuta tsakar dare ma sai a tashi guga da caji. Rashin barci yana hana kotisol sauka da dare, shi kuma rashin saukarsa ya hana barcin, haka abin ke zagayawa. Ka tsayar da lokacin kwanciya daya ko da ranar hutu, ka ajiye waya nesa da shimfida kamar awa daya kafin nan, musamman bidiyon kashe-kashe da yan bindiga da ake turowa a guruf, ba dole sai ka kalla ba kafin ka tausaya ko kayi addu'a. Sinadarin kafeyin dake cikin goro da kofi da shayi da lemukan kara kuzari yana daukar kusan awa 5 kafin rabinsa ya bar jini, wato goron da ka ci bayan magariba rabinsa na nan yana aiki karfe 12 na dare, saboda haka daga la'asar a hakura. Kailula tana da kyau amma gajeriya, minti 20 zuwa 30 bayan azahar. In ka kwanta barci ya ki zuwa ka tashi ka zauna a duhu-duhu kayi tasbihi ko karatu mara nauyi har ya zo, juye-juye a katifa kana duba agogo kara tayar da hankali yake.

Mataki na bakwai: ka kona abinda jiki ya tara

Jiki ya zuba suga da adirenalin don ka gudu kai kuma kana zaune a shago, to ka bashi gudun. Tafiya da sauri minti 30 sau biyar a sati, shine minti 150 din da ake ba da shawara, bayan asuba kafin rana tayi ko bayan la'asar. Matan da basa fita zagayen tsakar gida da sauri ko tsallen igiya ya wadatar. Gishiri kar ya wuce giram 5 a yini, kusan karamin cokalin shayi daya, kuma dunkulen miya da indomi duk a ciki ake lissafawa. Kar a tsallake karin safe a wuni kan lemon kwalba.

Abinda zaka guje masa kuwa shine neman sauki a kwaya. Taramol da kodin da diyazefam da wiwi da sigari suna kwantar da abin na awa biyu su dawo maka dashi ninki, ga kamu, kuma ba yan iska kadai ke fadawa ba, akwai matan aure da leburori da dalibai da suka fara da niyyar samun barci ko karfin aiki, yawan abin ne ma yasa gwamnatin Najeriya ta hana hadawa da shigo da maganin tari mai kodin a 2018. Haka hadin kwayoyin ciwon jiki da ake kullawa a leda a sha kullum da dare, shine hanya mafi sauri zuwa olsar gaske da ciwon koda. In kuma likita ya dora ka kan maganin hawan jini kar ka ajiye don ka fara motsa jiki ko don kaji sauki, tare ake hadasu.

Mataki na takwas: ka fadawa wani, ka kuma san ranar da ya wuce na gida

An ce ciki ba don tuwo kadai aka yi shi ba, gaskiya ne ba kowa ake budewa ciki ba, amma a samu mutum daya mai rikon amana, aboki ko yaya ko malami ko matarka, wanda zai saurara ba tare da ya mayar da kai labarin majalisa ba. Magidanta sun fi kowa wannan cutar ta shiru, mutum yana dariya a majalisa ana shan shayi alhali shi kadai ya san me ke cinsa. Kai kuma da aka zo wa da magana, kar ka yi saurin cewa "ai wane ya fi ka shiga uku", ka bari ya gama tukuna. Maigida in kaga uwargida ta rame ta daina magana ko mai jego tana kuka ba dalili sati da sati bata son daukar jaririn, ba shagwaba bace ba kuma rashin godiya ba, akwai ciwon damuwa na bayan haihuwa kuma ana maganinsa.

In an kai sati biyu kusan kullum kana cikin kunci, abinda ka saba jin dadinsa ya fita ranka, ba ci ba barci ko barcin yayi yawa, aiki ya gagara, to lokacin ganin likita yayi. Fara da babban asibitin da ke kusa, in da bukata su tura ka gaba, akwai asibitocin kwakwalwa a Barnawa ta Kaduna da Kware ta Sakkwato da Maiduguri da Dawanau a Kano, asibitocin koyarwa irin na Malam Aminu Kano ma suna da sashen, kuma yawancin masu zuwa can da kafarsu suke zuwa su karbi magani ko shawara su koma bakin aikinsu. In ka shiga ka fadi komai, ranar wanka ba a boyon cibi, harda kwayoyin da kake sha a boye da na gargajiya da matsalar shimfida, ka mika masa dan littafin nan da awon jininka na sati. Maganin damuwa in an baka yana daukar sati biyu zuwa shida kafin kaji aikinsa, kar ka yar a kwana na biyar kace baya yi.

Wadannan kuma ko karfe biyun dare ne a nemi mota: ciwo ko nauyi a tsakiyar kirji da ya wuce yan mintuna musamman in yana tafiya hannun hagu ko mukamuki da gumi, baki ya karkace ko hannu daya ya saki ko magana ta sarke ko da ya dawo daidai bayan dan lokaci, aman jini ko bakin bahaya kamar kwalta, mai ciki da ciwon kai mai tsanani da kumburin fuska, da wanda ya fara cewa gara ya mutu ya huta ko yana tunanin illata kansa. Shi wannan na karshen kar a barshi shi kadai, a dauke maganin kwari da kwayoyi daga inda hannunsa zai kai, wani nasa ya rakashi asibiti a ranar.